An Sayar da Idon Ɗangoggo

Duk Dakoro ba mai kiran Ɗangoggo da sunansa na yanka. Tun yana rarrafe gwaggonsa ta ɗauke shi riƙo, sunan ya manne masa kamar kaska, har ya yi furfura da shi a kasuwar bisashe inda yake dillancin shanu. Shi ya sa ranar da wayarsa ta yi kuka da hantsi yana tsakar gida yana shan fura, ya ɗauka, wata murya mai santsi ta ce, "Salamu alaikum, da Malam Ɗayyabu Kimba nake magana?" sai da ludayi ya tsaya masa a hanya.

"Wa ke nemansa?"

"Baba, daga Maradi ne. Mun samu labarin lalurar idonku, na hagun da ya riga ya tafi, da na daman da ke neman bin sa. Akwai wani maganin ɗigawa da ya zo mana daga waje, in kun..."

Ɗangoggo ya kashe wayar. Ya waiga gabas, ya waiga yamma, sai ka ce wanda ya ɓoye kazar maƙwabta cikin riga. Ba kowa a gidan sai matarsa Azara, tana tankaɗe a gindin bishiyar bedi, kuma ta ji komai, don kunnenta ko faɗuwar allura a gidan maƙwabta ba ya wuce shi.

"Wa ka gaya wa?" in ji ta.

"Ni zan tambaye ki. Bakin wa ya fi yawo a gidan nan?"

"A'a, Maigida, kar ka shafa mini. Ni da zan faɗa, ai da tuni an yi waƙarka a bakin rijiya. Kuma ina na san wani ƙato a Maradi?"

To, ga abin da ya sa hankalinsa ya tashi. Dillali ba shi da saniya ko ɗaya, jarinsa ido ne da baki. Makiyayi zai koro dabbobinsa daga daji, ya sauka gidan dillalinsa, ya ci, ya sha, ya kwana a zaure, gari na wayewa ya miƙa masa igiya ya koma gefe. Mai saye ma da maganar dillali yake saye. Ranar da aka ce dillali ba ya gani, wa zai ba shi igiya? Kuma a cikin baƙin Ɗangoggo akwai wanda ya fi kowa, Attaher mutumin Tagriss. Tun suna samari yake sauka wurinsa. Inda Attaher ya ɗaure shanunsa, nan sauran mutanen arewa ke ɗaure nasu. In ya kwance, to, sun kwance.

Idon kuwa ya daɗe yana cin amanarsa a hankali. Na hagu ya rufe ɗif, na dama yana ganin duniya kamar ta cikin ruwan tsari. Amma Ɗangoggo tsohon hannu ne. Sai ya koma shafa dabba tun daga tozo har wutsiya, ya cusa yatsa a baki ya ji haƙora, yana cewa, "Ido ruɗi gare shi, hannu ne ba ya ƙarya." Yaran kasuwa har kwaikwayonsa suke. Mutane kuma duk wanda ya tunkaro sai ya ce, "A'a, mutumina!" ya jira ya yi magana kafin ya kama suna. Sau ɗaya ne ya yi wa turken rumfa doguwar gaisuwa har da tambayar iyali, Allah ya rufa asiri ba kowa kusa.

Wuri ɗaya kawai ya san ya buɗe cikinsa. Bayan kaka wasu masu duba ido kyauta sun zo da farar mota, suka kafa rumfa a bayan likita, wato asibitin garin. Ya je da sunan rakiya. Wata yarinya mai allon waya a hannu ta karɓi kartidantinsa, wato katin shaidarsa, ta tambayi lambar waya, ta haska masa ido ta ɗauki hoto, sannan ta kama babban yatsansa ta dangwala a kan gilashin. Lokotoron da ke duba idon ya ce hawan jini ne na ido, wanda ya tafi ya tafi, a lallaɓa wanda ya rage. Suka ba shi 'yar kwalba, suka naɗe rumfarsu, suka yi gaba.

Kira na farko ashe sallama ce. Washegari wata mace ta kira, ita tabarau take sayarwa. Jibi wani ya kira daga wani asibitin kuɗi, ya ce za su aiko mota har ƙofar gida. Aka yi wani mai maganin gargajiya da ya ce shi da kitsen damo yake aiki. Kowannensu ya san Ɗayyabu Kimba, ya san unguwarsa, ya san na hagu ne ya mutu. Abin haushin, Ɗangoggo ba ya iya ganin lambar da ke kira. In waya ta yi kuka, ko mai shanu ne daga daji, ko mai ɗigon ido ne, sai ya ɗauka zai sani. Sai ya zama da ta motsa a aljihu, zumbur ya miƙe, ya bar mutane da magana a baki, ya zagaya bayan katanga. A majalisar mai shayi aka fara ƙus-ƙus. Salihu, wani dillali da suka taso tare kuma ba su taɓa shiri ba, ya ce da ƙarfi, "Ku bar tsoho ya yi hirarsa! Bazawara ce, ni na san wannan gudun."

Aka kwashe da dariya. Ɗangoggo ma ya yi, har ya ji daɗin zargin, don ya fi gaskiyar sauƙi.

"Ka cire pis ɗin wayar ka jefa a masai," in ji Azara. "Ka sayi wani. Ana mutuwa ne?"

"Ke dai da baki. Lambar nan tun daga nan har bakin rijiyoyin arewa an haddace ta. Mutanen da ba su san baƙi ba sun san ta kamar Fatiha. In na canza, ta ina za su same ni?"

"To ka kashe ta ran kasuwa."

"Ran kasuwa? Ki ce in yanke hannuna ran girbi mana."

"To ka gaya wa Attaher da bakinka, tun bai ji a bakin kare ba."

Nan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito, ya sake shiga. Kwanakin nan haka yake, bai zauna ba bai tsaya ba. Tuwo ma a tsaye yake ci.

Da abin ya ishe shi ya tafi likita wurin majo, shugabar ma'aikatan jinya, wata 'yar gari mai suna Hamdiya, wadda ya san uwarta. Ya jira layi ya watse, ya shiga ya ja ƙofa.

"'Yata, tsakaninki da Allah, ku ne kuka ba da ni?"

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Baba, ku ma sun kira ku? Wallahi ba mu ba ne. Masu rumfar nan wuri kawai muka ba su. Furojensu, aikin da aka turo su yi, ya ƙare, sun watse. Abin da suka zuba cikin allon nan kuwa, an ce wani kamfani ne ya yi musu allon, shi ke ajiye komai, shi kuma ya ba wasu, wasu suka ba wasu. Ba ku kaɗai ba ne. Akwai wata baiwar Allah da ta ba da lambar mijinta, an kira shi ana tallar maganin abin da ba ta taɓa gaya masa tana da shi ba. Tana gidansu yanzu."

"To a je a karɓo nawa."

"Daga hannun wa, Baba? Hatsi ne da aka watsa wa kaji. Amma akwai inda ake kai ƙara a Yamai, in kun yarda in rubuta muku. Ni ma na rubuta tawa."

"In rubuta in ce mi? Ni wane ɗan wane, dillali a Dakoro, ba na gani? A karanta, a buga hatimi, a aje wani ya sake sayarwa?"

Hamdiya ta dai ce ya ci gaba da ɗiga maganin da lokotoro ya ba shi, kar ya sayi na 'yan waya.

Yana fitowa, ko bakin hanya bai kai ba, wayar ta yi kuka. Wannan karon bai kashe ba.

"Kai yaro, tsaya. Wa ya ba ka sunana?"

"Baba, ai saye muka yi. Bisa ƙa'ida. Ku da kanku kuka sa hannu kun yarda."

"Saye? A wace kasuwa? Wa ya yi dillanci? Wa ya tsaya shaida? Ni nan ko akuya ba a sayarwa sai mai ita ya ce ya sallama. Ni wa ya tambaye ni?"

"Baba, ni aiki aka ba ni. In kun ɗauki kwalba biyu akwai rangwame..."

Ɗangoggo ya faɗi wata kalma da ba ta dace da mai furfura ba, har wata mai tallar ƙosai ta juyo tana salati.

Jajibirin kasuwa da la'asar Attaher ya iso, da shanu masu kyau, da ƙura har gira. Dogo ne, ba ya son yawan magana, rawaninsa ya rufe kunne da baki sai idanu. Ya shimfiɗa buzunsa a zaure, ya hura gawayi ya ɗora shayi. Rabin shanun nasa ne, rabi na wansa Agali, wanda ya tsaya a daji wurin garke. Haka suke yi kullum: in ciniki ya nuna, Agali zai hau tudun da ake samun layi ya kira wayar Ɗangoggo, a gaya masa abin da aka taya, ya ce a sallama ko a dakata. Attaher shi ba ya riƙe waya, ya ce abin da ke kuka ba ya ba da nono ba ya kiwonsa.

Suna shan shayi Ɗangoggo ya buɗe baki zai faɗa. Azara na bayan ƙofa tana tari irin na tuni. Ya ce, "Attaher..."

"Na'am, maigidana."

"Ya ruwa a wajenku?"

"Alhamdu lillahi."

Daga bayan ƙofa aka ji tsaki, aka ji takalmi ya yi cikin gida.

Ran kasuwa tun da sassafe wuri ya cika. Ga raƙuma can gefe suna gunaguni, ga 'yan Najeriya da manyan motocinsu, ga mahauta suna zagaye kamar angulu. Ɗangoggo ya ɗaure shanun Attaher a turakunsa, sauran mutanen arewa suka ɗaure nasu a jere. Ya shiga aiki, amma rabin hankalinsa na aljihu. Waya ta yi kuka, ya ruga bayan wata mota, ashe mai neman bijimin noma ne daga Sabon Maci. Ta sake yi, ya ruga, mai tabarau ce. Ya dawo yana haki, gumi har cikin idon da ya rage.

Da rana ta take wani Alhaji mai mota ya tsaya kan shanun Agali. Aka ja, aka saki, aka yi albarka, aka ƙara. Ciniki ya zo wuya, saura bakin mai shanu.

"Kawo wayar," in ji Attaher. "Yanzu Agali zai hau tudu."

"Bari ta zauna wurina, in ya kira in miƙo ma."

Attaher ya dube shi. Tun da ake yin waya a ƙasar nan, a hannun Attaher take zama in an zo wannan gaɓar. Alhajin kuma ya riga ya kama hannun Ɗangoggo yana jan sa wurin wani baƙin sa, wai ya zo ya ga kofato. Salihu na tsaye kusa, shi da ba a gayyace shi ba, ya ce, "Ba shi mana! Ko kana tsoron bazawarar ta ji muryar da ta fi taka?"

Ɗangoggo ya miƙa wayar. Ya duƙa kan kofaton san, yana addu'a a zuci, Allah ka sa Agali ya riga kowa.

Ta yi kuka. Attaher kuwa, saboda rawani ya toshe masa kunne, bai taɓa kara waya a kunne ba. Buɗe murya yake yi ya riƙe ta a tafin hannu kamar mai ba tsuntsu hatsi.

"Salamu alaikum, Malam Ɗayyabu Kimba?"

"Babu mai wannan suna nan," in ji Attaher.

Da an bar shi haka da shi ke nan. Amma Salihu, wanda suka yi makarantar allo tare, ya ce, "Kai, ai Ɗangoggo ne Ɗayyabu! Yau wa ya tono wannan suna?"

Muryar ta ji an amsa, sai ta saki jiki, tar-tar, har mahautan da ke gefe suna ji. "Yauwa Baba. Game da idonku na hagu da ya makance ne. Bayanin da ke gabanmu ya nuna na daman ma saura kaɗan, in ba a yi da gaske ba kafin baɗi..."

Ɗangoggo ya taso da gudu ya kai hannu zai fizge wayar. Sai ya kai hannun ta hagu, inda ba ya gani, ya damƙi iska, ya yi karo da ƙugun saniya. Da bai taso ba ma da wani ya ce ƙarya ce.

Alhajin ya saki igiyar da ke hannunsa a hankali. Wani daga mutanen arewa ya ce wani abu da yarensu, na kusa da shi ya amsa. Salihu kansa ya ja da baya. Shi tsokana ya so, bai san rami ne a gabansa ba.

Attaher ya kashe wayar. Ya zo har gaban Ɗangoggo, ta dama, ya sa masa ita a hannu. Ya ja shi gefe kaɗan, ya yi ƙasa da murya.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Tun yaushe?"

"An jima."

Attaher ya gyara amawalinsa. "Ido na Allah ne. Ubana da ya tsufa da hannu yake gane raƙumansa, ba wanda ya raina shi. Ba wannan ba ne. Jiya na sha shayi da kai. Na kwana a zaurenka. Matata ta haihu, kai na fara aiko wa. Shekarar da shanuna suka mutu, kai kaɗai ka ga hawayena. Amma wani yaro a Maradi ya san ciwonka, ya san sunan da ubanka ya raɗa maka, ni ban sani ba."

"Ba ni na gaya masa ba, Attaher. Likita na je. Sayar da ni aka yi, wallahi, kamar yadda..."

"Shi saye ya yi. Ni da kyauta za ka ba ni."

Ɗangoggo ya nemi magana ya rasa. Mutumin da ya yi shekaru yana sayar da ramammiyar saniya da zaƙin baki.

Attaher ya koma wurin turaku. Ya tsuguna ya fara kwance igiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Mutanen arewa suna kallonsa, sai su ma suka duƙa kan nasu. Ya tattara igiyoyin ya miƙa wa Salihu, don shi ne dillalin da ke kusa.

Salihu ya ɓoye hannuwansa a baya. A kasuwar nan dillali ba ya karɓar baƙon wani sai mai baƙon ya yarda da bakinsa, in ba haka ba Sarkin dillalai ya ci shi tara, kuma ba mai sake zama da shi. Da can Salihu ya sha mafarkin wannan igiya. Yau ga ta, ya kasa ɗaga ido.

"Ɗangoggo," in ji shi. "Ni ban nema ba. Ka ji dai. Sai abin da ka ce."

Kowa ya juyo. Ɗangoggo na iya cewa bai yarda ba. Da ya faɗa, shanun za su tsaya a rana har kasuwa ta watse, ba mai taɓa su, Attaher ya sake kora su Tagriss da ƙishirwa, Agali ya yi ta hawa tudu a banza. Ya san haka, Attaher ma ya sani, kuma bai roƙe shi ba.

Ya tsaya yana murza wayar a hannu. Can ya ce, "Na sallama."

Salihu ya karɓi igiyoyin kamar mai karɓar garwashi. Aka fara jan shanun, suna wucewa ta gaban Ɗangoggo. Da wata jar saniya ta zo daidai shi, ya kai hannu ya shafa cikinta.

"Salihu!"

"Na'am."

"Wannan kar ka ba mahauta, ko sun taya da kyau. Ciki gare ta, ƙarami ne bai fito ba. Ka nemo mai kiwo."

"To," in ji Salihu.

Attaher ya ɗan tsaya, kamar zai juyo. Sai saniyar ta fizgi igiya, ya bi ta.